Kwandon Ƙasa Daga Tudun Kufai

Da hantsin wata Laraba ƙafar Inna Tabawa ta tsage. Tana zaune tana tsince shinkafa sai ta ji ƙas, ta duba ta ga babban yatsanta na dama ya ɓantare ya faɗi a kan tabarma. Babu jini ko ɗigo. Ta ɗauka ta murza, ya zama jar ƙasa a hannunta, har da guntun ciyawa a ciki irin wadda magina ke kwaɓa yaɓe da ita.

Aka yi maza aka kirawo ɗanta Haladu daga shago. Haladu mai hoto ne, shi ke da shagon nan na bakin tasha a Birnin Dargaza da ya sa wa suna Duniya a Ɗaki. A bangonsa akwai labule bakwai manya, kowane da zanen wani shahararren wuri: dalar Masar, ganuwar Sin, hasumiyar ƙarfe ta birnin Faris na Faransa, farin kabarin marmara na Indiya, da sauransu. Samari da 'yan mata su ci ado su tsaya gaban labule, a ɗauke su, su baza a waya kamar sun je. Haladu ya san tsawon kowane gini da shekarar da aka yi shi, duk ya haddace daga kalanda.

Ya durƙusa ya duba ƙafar. Tsagar ta riga ta haura idon sawu.

Inna ta dube shi ta ce, "Auta, faɗa mini gaskiya. Ka taɓa kason gidanmu?"

Ya ce, "Inna, ki bari mu je asibiti tukuna."

"Tambayarka na yi."

Ya sunkuyar da kai. Dargaza gari ne mai ganuwa, kuma tun kaka da kakanni kowane gida yana da kasonsa a jikinta. In an yi haihuwa, a gindin kason gidan ungozoma ke binne cibiyar jariri. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka a yi gayya, kowane gida ya yaɓe nasa, mai gida ya danna tafin hannunsa a jikin ɗanyen yaɓen. Shekara arba'in ke nan rabon da a yi. Abin da ya maye gurbin gayya shi ne kwano. Mai gyaran murhu ya je ya kankaro kwano ɗaya, mai toshe ramin ɓera ya kankaro kwano ɗaya, wai tsohuwar ƙasa ta fi ƙarfi. An kafa kwamiti har sau huɗu, an ci shinkafa an watse. An kafa allon ƙarfe mai cewa a kiyaye kayan tarihi, a jikinsa ake ɗaure awaki. Kowa yana gani, kowa ya ce sai dai Allah ya kyauta, ya wuce da kwanonsa a ƙarƙashin riga. Shi Haladu bai tsaya wasa da kwano ba. Da zai gina shago, tifa ya kira, ya ce ai kason gidansu ne, ba na wani ba. Aka kwashe, aka bar ɗan kututture iya ƙugu.

Inna ta ce, "A nan cibiyata take." Ta ja zane ta rufe ƙafar.

Haladu ya fita a guje, bai tsaya ba sai gindin kututturen nan. Can gabas hadarin farko na shekara ya fara haɗowa. Yana tsaye yana haki sai kututturen ya motsa, ya miƙe, ya zama wata tsohuwa doguwa, jikinta duk jar ƙasa. Rabin fuskarta a zaizaye yake, a kafaɗarta akwai sheƙar mujiya, ƙirjinta kuma cike da shatar tafin hannu, manya da ƙanana.

Ta ce, "Ya kai ɗan Tabawa, jikan Nomau magini, ka zo da kwano ne ko da tifa?"

Ya zube ƙasa ya ce, "Ranki ya daɗe, wace ce ke?"

"Ni ce Uwar Ganuwa. Na tsare kakanninka daga mahara, jikokinsu suka cinye ni da kwano. Dubi gabas. Ruwan nan in ya sauka a kan abin da ya rage nawa a nan, zan narke, uwarka ta narke tare da ni a kan tabarmarta."

"Zan sayo siminti yanzu-yanzu."

Ta yi dariya, ƙura ta zubo daga bakinta. "Siminti bai san uwarka ba. Kai da ka san wuraren duniya, tafi ka roƙi masu tsaronsu, ko wani ya san inda ƙasata ta tafi. Ƙofar zuwa wurinsu tana shagonka. In kana son sanin lokaci, duba abin da ke rataye a wuyanka."

Ya duba kyamararsa. Babu komai a fuskarta sai Inna a zaune, tsagar ta kai gwiwa.

Ya koma shago ya tsaya gaban labulen dalar Masar, sai zanen ya hura masa iska mai zafi. Ya rufe ido ya kutsa kai. Da ya buɗe, ga shi a cikin rairayi mai ƙona tafin ƙafa, ga dalar tana tokare da sama, ta fi ta labule girma sau dubu. Baƙi daga ƙasashe suna ta kai da kawo, ba wanda ya gan shi. Amma zakin dutsen nan mai fuskar mutum da ke kwance a gaba ya juyo da kansa a hankali, wuyansa yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Zakin ya ce, "Ya kai baƙo, na san ka. Kai ne ka rataye ni a kan ƙusa. Faɗi buƙatarka."

Haladu ya faɗi. Zakin ya ce, "Zan tambaye ka, in ka amsa in taimake ka. Mene ne tsawon dalar da ke bayana?"

Haladu ya faɗa masa ba ko gargada, har da adadin duwatsun.

"Madalla. Ƙofofin garinku nawa ne, kuma mene ne sunayensu?"

Haladu ya ce, "Akwai Ƙofar Tasha. Akwai wadda ke wajen gidan mai. Akwai..."

Zakin ya ce, "Babu ƙofa mai suna Tasha. Ni shekara dubbai ina kwance a nan, iska ta cinye mini fuska, amma mutanena suna zuwa da tsintsiya su kwashe rairayi daga ƙirjina. Kai ka ci ƙirjin taka uwar. Tashi daga gabana."

Ya hura numfashi ɗaya, guguwa ta ɗauki Haladu ta yi sama da shi. Ta wurga shi a kan ganuwar Sin, inda wani aljani tsoho mai gemu har gwiwa ke bin tubala ɗaya bayan ɗaya yana shafawa yana kiran sunan wanda ya ƙona kowane. Haladu ya bi shi da gudu a kan duwatsu har ƙafafunsa suka fashe, tsohon bai ko waiwayo ba, sai cewa ya yi, "Ba na magana da wanda bai san hannun kakansa ba." Guguwar ta sake ɗaukarsa. Ya ratsa ta cikin hasumiyar ƙarfe ta Faris, ya ga aljanu ƙanana rataye da igiya suna shafa mata fenti. Ya faɗa cikin wata magangarar ruwa mai rugugi kamar tsawa, ruwan ya tauna shi ya tofar. Duk inda ya buɗe baki da roƙo, sai a tambaye shi wani abu na garinsu, ya rasa. A can cikin ruwan ya duba kyamara. Tsagar ta kai ƙugu, Inna ta daina motsa ƙafafu, tana dai jan carbi.

Daga ƙarshe guguwar ta gaji, ta yar da shi cikin wani rami mai laka. Ya ɗago kai ya ji kiɗa da ihu. Wannan wurin babu shi a labulensa, don ya taɓa ganin hotonsa ya ce ginin ƙasa ne, ba wanda zai so a ɗauke shi a gabansa. Babban masallacin Jenne ne na ƙasar Mali, kuma ranar yaɓensa ce. Duk garin ya fito. Maza suna gudu da kwanduna a ka, mata suna jido ruwa daga kogi, magina sun hau itatuwan da suka fito daga jikin ginin suna mara laka da hannu. Unguwa tana tsere da unguwa, ana tsokana ana dariya, babu mai tsabta ko ɗaya.

Wata aljana ta tsaya a kansa, baƙa, doguwa, itatuwa sun fito daga kafaɗunta kamar na ginin. Ta ce, "Ya kai mai farar riga, a nan ba a roƙo da busasshen hannu. Taka."

Haladu bai taɓa kwaɓa ƙasa ba tun da aka haife shi. Ya taka, ya zame, ya faɗi da fuska. Aljanun da ke cikin ramin suka bushe da dariya, ɗaya ya ce, "Wannan jikan magini ne? Ai ko agwagwa ta fi shi iya taku." Ya tashi ya ci gaba. Aka ɗora masa kwando, ya yi sawu arba'in tsakanin rami da gini, wuyansa kamar zai karye. A sawu na ƙarshe aljanar ta kama hannunsa ta nuna masa yadda ake mara laka, a shafe daga ƙasa zuwa sama, kada a bar kafar da ruwa zai shiga.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ki ba ni kwando ɗaya na ƙasar nan in kai gida."

Ta ce, "Ko na ba ka ba za ta kama ba. Wannan ta san hannun mutanenta ne. Amma kwandon ka biya shi da wuyanka, naka ne. Taku ƙasar tana Tudun Kufai, inda ake kai duk wurin da masu shi suka gaji da shi. Bi yamma, kada ka gaishe da kowa a hanya. In ka ɗauko kaya, kada ka sauke sai a gida."

Ya bi yamma. Ciyawa ta ƙare, tsuntsaye suka ƙare, rana ta tsaya cak a tsakiyar sama ba ta ba da inuwa. Ya tarar da ayarin aljanu masu dako, dubbai, kowane da kaya a ka, ba mai magana. Wani yana ɗauke da reshen kuka, wani da tulu cike da ruwan wani tafki da aka cike da shara, wani da bakin rijiyar marina. Da yawa daga cikinsu kwano ne a kansu, ɗan ƙaramin kwanon sha cike da jar ƙasa. Haladu ya gane kwanonin. Har na gidan mai unguwarsu ya gani, mai fentin kore.

Suka haye wata gada ta azara ɗaya a kan kwari marar ƙasa, suka hau tudu. Nan Haladu ya tsaya cak.

Birane ne a jere har iyakar gani, da hasumiyoyi, da gidajen littattafai, da dazuzzuka, da koguna da ba sa gudu. Babu mutum ko ɗaya. A gabansa kuwa ga wata ganuwa ja, doguwa, mai kauri har mahaya biyu sa jera a kanta, da ƙofofi tara masu zanen hannu, kowace da sunanta a goshi. Ya ga dalar Masar, ya ga ganuwar Sin, amma bai ga abin da ya kama masa zuciya kamar wannan ba. Hannunsa ya kai ga kyamara kafin ya gane abin da yake kallo. Ganuwar Dargaza ce. Saura ɗan gurbi kaɗan ta cika.

A gindinta mutane ne na laka a zazzaune, sun jingina da bango. Ya ga Baba Jatau mai kilishi da ya rasu bara, aka ce ciwon suga ne. Ya ga matar limamin unguwarsu da aka ce sammu aka yi mata. A ƙarshen layi ya ga Inna, an gina ta har ƙirji, hannu ɗaya riƙe da carbi, wuya da kai ne kawai babu.

Wata murya ta ce, "Ya kai mai rai, wa ya aiko ka da wuri?"

Sarkin Kufai ne. Rawani ne da alkyabba a tsaye, babu fuska a ciki, sai duhu.

Haladu ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar uwata na zo karɓa. Sace ta aka yi."

"Kada ka yi ƙarya a fadata. Ba na aika ɓarawo. Duk abin da ka gani a nan, masu shi ne suka miƙo da hannunsu. Mutanen garinku sun fi kowa kyauta, kullum sai sun aiko. Kai kuwa rana ɗaya ka aiko mini abin da wasu ke shekara goma ba su kawo ba. Ina gode maka."

Haladu ya ce, "Ni ne. Ni na kira tifa. Ka ba ni kwando ɗaya, wanda cibiyarta ke ciki."

"Ɗauki. Amma ba a barin gurbi a Tudun Kufai. Da me za ka cike?"

Ya ciro kyamara ya ajiye. Duhun da ke cikin rawanin ya yi wata ƙara kamar dariya. "Wannan ko ba ka kawo ba tana tafe, ita da shagon. Ba ni abin da ka yi shekara talatin kana wucewa da shi ta gaban ganuwar nan bai gan ta ba. Ai ba ka amfani da shi."

Haladu ya gane idanunsa ake nufi. Ya duba kyamarar a ƙasa, tsagar ta kai wuyan Inna, ta tagar da ke bayanta kuma ana hango sama ta yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka bar ni in karanta sunayen ƙofofin tukuna."

"Karanta."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, yana maimaitawa a fili har suka zauna masa. Sannan ya durƙusa ya tona gindin kason gidansu da hannu, ya cika kwando, ya ɗora a ka. Ya dubi surar Inna ya ga ta fara zubewa. Ita ce abu na ƙarshe da ya gani. Wani sanyi ya shafi fuskarsa, rana ta mutu.

Ya juyo da lalube. Ya haye gadar azara da tafin ƙafa, yana jin iskar kwarin tana jan rigarsa. Masu dako suna bangazarsa, kwandon yana cin tsakiyar kansa, bai sauke ba. Abin da ya bi shi ne ƙanshin ƙasa mai jiran ruwa. Ya yi ta tafiya har ya ji ƙyalle ya shafi fuskarsa, ya ji ƙarar babura da mai tallar rake. Ya fito daga shago ke nan aka yi tsawar farko.

Mutane suka bi shi da kallo, yana jin muryoyinsu. "Kai, Haladu ne? Me ya samu idonsa?" "Dubi rigarsa, kamar wanda ya fito daga kabari." Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku kai ni kason gidanmu! A kawo ruwa! Gayya, jama'a, gayya!" Wata mai ƙosai ce kaɗai ta ja shi da hannu ta kai shi, ta juye masa ruwan bokitinta a kan ƙasar, ta koma wajen kaskonta. Sauran suka yi da'ira. Yana jin ƙyas-ƙyas ɗin wayoyi, ana ɗaukarsa.

Ya taka ƙasar kamar yadda aka koya masa, ya mara a jikin kututturen, ya shafe daga ƙasa zuwa sama. Yana shafawa yatsunsa suka faɗa cikin wata tsohuwar shata, tafin hannu mai faɗi, ɗan yatsa ɗaya guntu. Inna ta sha gaya masa cewa gatari ya taɓa cire wa mahaifinta Nomau kan yatsa. Ya danna nasa tafin a gefen na kakansa. Sai ruwa ya kece. 'Yan kallo suka watse, shi ya rungume yaɓen ya tare shi da bayansa har aka ɗauke.

Yaɓen ya tsaya. Inna Tabawa ta rayu, tsagar ta koma da baya har idon sawu ta tsaya a nan, ƙafar dama dai ba ta sake zama nama ba. Da aka kai mata shi ta shafa fuskarsa ta daɗe, sannan ta ce, "Auta, ka ci abinci kuwa?"

Kafin azahar ta washegari labari ya game gari, cewa ƙasar da Haladu ya kawo tana da albarka, ta tashi wadda ta kusa mutuwa. Yana zaune a gindin kason da kwandonsa, yana faɗa wa duk mai wucewa sunayen ƙofofi tara da ranar da ya sa ta gayya, sai ya ji wani sauti a ɗaya gefen. Ƙarar bakin kwano ce a jikin ɗanyen yaɓe.

Ya ce, "Wane ne?"

Aka yi gyaran murya. Mai unguwa ne. Ya ce, "Ni ne, Haladu, sannu da jiki. Ai muna nan muna shirin kafa kwamiti a kan maganarka. Wannan kwano ɗaya ne kawai, ƙafata ce tun jiya take wani irin bushewa."

Haladu ya lallaba ya kama wuyan hannunsa ya riƙe gam. Fatar tana da kaushi, tana zubar da gari a tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, zauna. Ina kason gidanku yake?"

Mai unguwa ya zauna. Can ya ce, da wata ƙaramar murya, "Wallahi ban sani ba."

Bayansa kuwa Haladu yana jin takun mutane suna tahowa, da yawa, kwanoni suna karo da juna.